Kafin ka ɗaura wa tsohon jirgi sabon inji

Wanda ya kwashe watanni yana gyaran tsohon jirgin ruwa, ya toshe ɓaraka, ya sauya katako, ya shafa fenti, yakan zo kan maganar inji da ɗoki, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Sai a sayo wanda aljihu ya iya ɗauka, ko irin wanda aka ga wani ya ɗaura. Alhali jikin jirgin ne ke da ta cewa: siffar gindinsa, nauyinsa da kaya a ciki, da ƙwarin katakon bayan da injin zai rataya a kai.

Fara da kifa jirgin ka dubi gindinsa. Akwai jirgin da aka ƙera don ya riƙa keta ruwa yana ture shi gefe, mai zagayayyen ciki da tsukakken baya. Irin wannan, tsawonsa ne ke yanke masa gudu. Wanda tsawonsa a kan ruwa ya kai ƙafa 16, wato kusan mita 5, yana tsayawa ne a wajen kilomita 10 a awa. Mai ƙafa 25 kuwa ya ɗan haura kilomita 12. Siriri sosai yakan zarce haka kaɗan. Doki 4 zuwa 6 (doki shi ne ma'aunin ƙarfin inji) ga kowane tan na nauyi sun ishe shi. In ka ninka masa ƙarfi, bayansa ne zai nutse, goshinsa ya ɗaga sama, ya riƙa jan ƙatuwar igiyar ruwa a baya, fetur yana ƙonewa gudu bai ƙaru ba.

Ɗaya nau'in shi ne mai faffaɗan baya da shimfiɗaɗɗen gindi, wanda in ya samu ƙarfi yake hawa saman ruwa ya sulala. Shi lissafinsa doki ɗaya ne ga kowane kilo 11 zuwa 18. Amma fa nauyin gaba ɗaya ake nufi, kuma bayan an gama gyara, domin gyara yana ƙara wa jirgi nauyi: sabon daɓe, ƙarin faiba, kujeru, ga tsohon soson da ke ƙarƙashin daɓe wanda sau da yawa ya sha ruwa ya ƙoshi. Ɗauki misalin jirgi mai ƙafa 14: gangar jiki kilo 120, inji 50, tanki da fetur 20, anga da sauran tarkace 20, mutum biyu 150. Jimla 360. Raba da 18, ka samu doki 20. Shi ne mafi ƙarancin da zai ɗaga shi.

Sai iyakar da ba a tsallakewa. Jiragen kamfani da yawa suna da ɗan faranti a maƙale kusa da mazaunin direba ko a katakon baya, an rubuta iyakar doki da nauyin da jirgin zai ɗauka. Kada a bari fenti ya rufe shi ko a cire shi a yar lokacin kankara. In ya ɓace, akwai lissafin da dokar Amurka ta gindaya wa masu ƙera jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba, kuma yana da amfani a ko'ina, sai dai bai shafi kwale-kwale da jirgin roba mai iska ba. A ninka tsawon jirgi da faɗin bayansa, duka a ƙafa. In sakamakon bai wuce 35 ba, doki 3. Daga 36 zuwa 39, doki 5. Daga 40 zuwa 42, doki 7.5, daga 43 zuwa 45, doki 10, daga 46 zuwa 52, doki 15. Jirgin da gindinsa yake shafal kamar faifai, mai kaifin kusurwa, a sauko masa da mataki ɗaya. Abin da ya haura 52, ga jirgin da ake tuƙawa da hannun inji, a ninka da 0.8 a cire 25. Mai gindi shafal kuma a raba biyu a cire 15. Jirginmu mai ƙafa 14, in faɗin bayansa ƙafa 4 ne kuma gindinsa ba shafal ba ne, ya ba da 56, iyakarsa doki 20 ke nan. To ka ga in mutum na uku ya shiga, nauyi ya koma 435, jirgin zai yi ta fama bai hau ruwa ba. Maganinsa a rage kaya ko a haƙura da gudu. Ƙara doki yana sa jirgi ya riƙa tsalle, ya zame a kwana, ya watsar da mutum.

Tsohon farantin ma sai an karanta shi da lura. Kafin tsakiyar shekarun 1980 ana auna ƙarfin inji ne daga cikinsa, yanzu kuwa a bakin farfela ake aunawa, don haka doki 25 na yau ya fi na da ƙarfi. Ga kuma nauyi. Inji mai bugu biyu, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, in doki 15 ne yana kusan kilo 36. Mai bugu huɗu na wannan ƙarfin ya kai 50. Kilo 14 a can ƙarshen baya ba wasa ba ne. Kafin ka biya kuɗi, ɗora buhun yashi mai nauyin injin a wurin, ka zauna inda direba ke zama, wani ya duba daga gaɓa ko nawa ya rage ruwa ya shigo.

Katakon baya kuma a bi shi da ƙaramar guduma. Lafiyayye yana amsawa ƙwas-ƙwas, ruɓaɓɓe kuwa dum-dum. Soka sukudireba a tsofaffin ramukan noti. In ta shige da sauƙi ko ta fito da baƙin gari mai danshi, sai an sauya shi, komai ƙanƙantar injin. Bayan maƙalar hannu, a ɗaure injin da noti da faffaɗan washa, a cika ramukan da gam mai hana ruwa.

Auna tsayin katakon daga samansa zuwa ƙasan gindi a tsakiya. Inci 15 na inji mai gajeriyar ƙafa ne, wato sandar injin da ke sauka zuwa farfela, inci 20 na doguwa, 25 na mafi tsawo. Faffaɗan ƙarfen nan da ke saman farfela ya zo daidai da gindin jirgi, ko ya sauka da kamar inci ɗaya. In ƙafar ta gaza, farfela za ta riƙa shaƙar iska, inji ya yi ihu jirgi bai tafi ba, famfon sanyaya inji kuma ya rasa ruwa. In ta yi tsawo, tana jan ruwa tana dukan ƙasa.

Ranar gwaji a ɗauki kayan da aka saba ɗauka, kowa da rigar ruwa, igiyar kashe inji a ɗaure a wuyan hannun direba. Buɗe totur duka ka duba juyin inji da agogon awo: yawancin masu bugu biyu suna son 4,500 zuwa 5,500 a minti, masu bugu huɗu 5,000 zuwa 6,000, amma littafin injinka ne alƙali. In ya kasa kaiwa, kada ka yi saurin cewa inji ya yi ƙarami. Duba lamba ta biyu da aka buga a jikin farfela, wadda ke nuna inci nawa take turawa gaba a juyi ɗaya. Rage ta da inci ɗaya, wato a sauya farfela, yana ƙara juyi 150 zuwa 200, ƙara ta kuma yana rage shi haka.