Sauron daji da zazzabin shawara: ga amsoshin, don Allah a karanta kafin a sake tambaya

Wai sauro ba duk ɗaya ba ne?

A'a. Sun haura iri 3,500. Mai kawo maleriya Anopheles ne, mai kawo shawara da dengue da Zika kuma Aedes.

Sauro na yaɗa ƙanjamau?

Baya yaɗawa. Kullum sai an tambaya.

To mu da muke gari ina ruwanmu da sauron daji?

Ruwanku kuwa. Ƙwayar shawara tsakanin birai take yawo a saman bishiyoyi, wani sauro mai suna Aedes africanus ne ke kai ta daga wannan biri zuwa wancan. Mafarauci ko mai saran itace ya shiga ya samu cizo ya dawo gida da ita a jininsa, sai sauron gida Aedes aegypti ya karɓa ya raba wa unguwa. Shawara ta dawo Najeriya a 2017 daga jihar Kwara, a 2019 kuma aka samu ɓarkewa da ke da alaƙa da Yankari a Bauchi, to kar wani ya ce min ciwon 'yan kudu ne.

Da gaske sauron gida asalinsa na daji ne?

Da gaske. Kakanninsa a kogon bishiya suke ƙwai, dabbobi suke cizo, har yanzu ma akwai irinsu a dazukan Afirka. Masu binciken ƙwayoyin gado sun gano waɗanda suka fi maitar warin mutum suna wuraren da rani ke da tsawo ne, irin yankin Sahel na Senegal, don in ruwa ya ƙafe ba inda za su yi ƙwai sai randa da tulun mutane. Wato mu muka raine shi. Ku rufe randa da duro, ku zubar da ruwan tsofaffin tayoyi, wannan ma sai an roƙe ku?

Gidan sauro ya wadatar?

Ga maleriya yana aiki sosai. Aedes aegypti da rana yake cizo.

Zan yi tafiya wajen daji da matata mai ciki da babana mai shekara 65, duk mu yi allurar rigakafin shawara?

Nan kam a yi hankali. Kai in lafiyarka ƙalau je ka yi, sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, amma a yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya don ba nan take take kamawa ba. Mai ciki a ka'ida ana ɗaga mata, sai dai in cutar ta ɓarke a inda take ko tafiyar ta zama dole, nan likita ne zai auna wanne ya fi haɗari, ni ba zan yanke muku ba, in da hali ma ta zauna a gida. Baba kuma, wanda ya haura 60 kuma bai taɓa yi ba ya ɗan fi fuskantar matsala daga allurar, ba kasafai ba ne amma yana faruwa, ya danganta da lafiyar jikinsa da inda za ku. In ya taɓa yi shikenan. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai ko ƙwai ke tayar masa da mummunan borin jini ya faɗa kafin a taɓa shi. Jariri ƙasa da wata 6 ba a yi masa sam, a wata 9 ake yi.

Ko in sayi katin shaidar allurar kawai?

Sauro baya duba kati. Je ka yi allura.