Motar da ka haɗa da hannunka: me dokar Birtaniya ta hana, me ba ta hana ba?

Duk lokacin da bidiyon wani matashi ya yaɗu yana tuƙa motar da ya ƙera a garejin unguwa, sai mutane su kasu biyu. Wasu su ce da a Ingila ne da tuni 'yan sanda sun ƙwace ta sun murƙushe. Wasu kuma su ce ai can kowa na iya ƙera mota ya hau titi ba mai ce masa uffan. Duka maganganun biyu ba haka suke ba, kuma ta biyun ta fi haɗari, domin akwai 'yan uwanmu mazauna Birtaniya da ke ganin irin waɗannan motoci a kasuwa da araha su yi sha'awar saye.

Babu dokar da ta hana mutum haɗa mota a gidansa a Birtaniya. Abu ne mai tarihi a can. Tun 1957 kamfanin Lotus na Colin Chapman ya fitar da ƙaramar motar nan Seven, ana sayar da ita a warwatse mai saye ya haɗa, saboda harajin da ake ɗora wa sabuwar mota a lokacin bai shafi kayan da ba a haɗa ba. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, kuma har yau yana aika wa mutane casis (ƙashin ƙarfen da ake ɗora mota a kansa) da inji da sauran kaya su ɗaura da kansu. Wannan dama ta shafi wanda ya sayi kayan duka sababbi, da wanda ya haɗa sabo da tsoho, da wanda ya yi waldar casis ɗinsa daga ƙarfe. Muddin motar tana cikin garejinka ko a filin tsere, ba ruwan kowa da kai. Ranar da za ta taka titin gwamnati ne ake buƙatar abu biyu: gwajin lafiyarta a hukumar DVSA, da rajistarta a hukumar DVLA da ke Swansea.

Gwajin ana kiransa IVA, ya maye gurbin wani tsohon tsari a 2009. Mutane kan ɗauka irin gwajin MOT ne da ake yi wa galibin motoci duk shekara. A'a. MOT yana duba ko motar ta lalace ne, shi kuwa IVA yana duba yadda aka ƙera ta tun asali, sau ɗaya ake yin sa, kuma yana cin sa'o'i. Za a auna birki, a duba inda aka ɗaure bel ɗin kujera, da tsayin fitilu, da abin da direba ke gani ta madubi. Agogon gudu bai halatta ya nuna ƙasa da ainihin gudun motar ba. Ƙarar salansa ba za ta wuce desibel 99 ba. Inda masu haɗi suka fi faɗuwa kuwa shi ne kaifi: mai gwajin yana da ƙwallo mai faɗin milimita 100 da yake bi da ita a jikin motar, duk gefen ƙarfe ko kan noti da ta taɓa dole ya zama a dasashe, lanƙwasarsa ba ta gaza milimita 2.5 ba. A ciki ma akwai wata ƙwallon mai faɗin milimita 165, kwatankwacin kan mutum. Wasu na ganin wannan tsanani ne. Ni ban ga haka ba. Wanda mota ta buge a bakin titi, ko fasinjan da goshinsa ya daki dashbod, ba shi ya zaɓi a bar noti tsirara ba.

Faɗuwa a gwajin ba laifi ba ne, ba a ƙwace motar. Ana ba ka takardar abin da ya gaza, ka je ka gyara ka dawo. Kuɗin gwajin motar da mutum ya haɗa wa kansa ya daɗe a fam 450, maimaitawa fam 90, rajistar farko kuma fam 55.

Jita-jitar cewa an haramta waɗannan motoci saboda hayaƙi tana da tushe, sai dai labarin ya tsufa. A farkon 2018 ma'aikatar sufuri ta kawo shawarar a riƙa auna hayaƙinsu da ma'aunin sababbin motoci, abin da zai kashe amfani da tsofaffin injuna. Masu sana'ar da masu sha'awarta suka yi ca, gwamnati ta janye a shekarar. Ana auna hayaƙin ne gwargwadon shekarun injin, da sharaɗin ka kawo hujjar shekarar da aka ƙera shi. In babu hujja, sai a yi maka da ma'auni mai tsauri.

To, ga inda ruɗanin yake da gaske: lambar mota.

Galibin masu haɗi sukan sayi tsohuwar mota, da can Ford Sierra, yanzu an fi zuwa ga Mazda MX-5, su kwashe inji da giyabos da sitiyari su dasa a sabon casis. Tsohuwar tana da takardarta ta rajista, wadda ake kira V5C, tana da lambarta. Sai mutum ya ce tunda injinta ne, bari in liƙa lambarta in huta da gwaji. Nan ne ake shiga uku. A wurin DVLA, casis shi ne motar. Ba za ka riƙe tsohuwar lamba ba sai idan ainihin casis ɗin ko gangar jikin tsohuwar motar na nan ba a taɓa shi ba, tare da wasu manyan sassa biyu nata. Sierra da MX-5 kuwa gangar jikinsu ita ce casis ɗinsu, wanda ya jefar da ita ya jefar da lambar ke nan.

Abin da ya rage hanya uku ce. Idan kayan duka sababbi ne daga kamfani kuma kana da rasit, za a ba ka lambar shekarar da ake ciki. An yarda babban sashe ɗaya tak, misali inji, ya zama tsoho da aka sabunta shi kamar sabo, da takardar shaida. Idan casis ɗin sabo ne daga kamfanin da ke wannan sana'a, kuma ka tabbatar manyan sassa biyu daga tsohuwar mota guda suka fito, za a ba ka wata lamba mai nuna shekarun tsohuwar, amma ba tata ba. Idan ka kasa cika ɗaya daga cikin biyun, bayan ka ci gwaji sai a ba ka lamba mai farawa da harafin Q.

Wannan Q ɗin ta sha ƙage. Ana cewa alamar motar sata ce, ko motar da ta yi mummunan haɗari, ko wadda 'yan sanda ke tarewa duk inda suka gan ta. Ko ɗaya babu. Tun 1983 ake bayar da ita, kuma abin da take nufi kawai shi ne hukuma ba ta iya tabbatar da shekaru ko asalin sassan motar ba. Halattacciyar mota ce, tana da rajista, ana yi mata inshora, ana sayar da ita. A gwajin MOT ma, in mai shan fetur ce, da ido ake duba hayaƙinta kamar motocin da suka girmi Agustan 1975. Illarta ita ce ba za a sauya ta da lambar ƙawa da mutum ya saya ba, wasu kamfanonin inshora na gudunta sai ka nemi ƙwararru a irin waɗannan motoci, kuma masu saye kan rage mata daraja.

A nan ne nake ganin tsarin bai yi wa kowa daidai ba. Mai kuɗin da ya sayi komai sabo a kwali ya fita da lamba mai sheƙi. Wanda ya fi shi gwaninta, ya yi waldarsa, ya tsinto inji nan giyabos can daga wurin masu tsofaffin kaya, shi ne ke ƙarewa da Q, alhali gwaji ɗaya suka ci. Hujjar hukuma ita ce toshe ƙofar ɓarayi masu sake wa motar sata suna, kuma hujja ce ta gaskiya. Amma nauyinta a kan mai ƙaramin ƙarfi ya sauka.

Hukuncin da ake tsoratar da mutane da shi yana nan, sai dai ba don haɗa mota ake yin sa ba. Hawa titi da motar da bayanan rajistarta ba daidai ba ne na iya jawo tarar da ta kai fam 1,000 a ƙarƙashin dokar rajistar motoci ta 1994. Wannan ma ƙarami ne. Babbar matsalar inshora ce. Idan takarda ta ce Sierra mai ƙofa huɗu, a titi kuma aka ga buɗaɗɗiyar mota mai kujera biyu, kamfanin inshora na iya cewa ba wannan motar ya ɗauka ba. Tuƙi babu inshora tararsa ta nan take fam 300 ce da makin laifi 6 a lasisin tuƙi. In ya kai kotu tarar ba ta da iyaka, ana iya hana mutum tuƙi, kuma 'yan sanda na da ikon ƙwace motar, wani lokaci har a lalata ta. Daga nan labarin murƙushewar ya samo asali. Idan kuma an yi haɗari wani ya ji rauni, kamfanin zai iya biyan wanda aka raunata sannan ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa.

Akwai sabon ruɗani tun Agustan 2025, lokacin da DVLA ta sassauta wa masu gyaran tsofaffin motoci: gyaran da ya mayar da mota yadda take ba sai an sanar ba, wadda aka sauya wa ƙira ko aka mayar mai lantarki kuma tana iya riƙe lambarta idan an sanar da hukuma. Wannan magana ce ta motar da ta riga ta wanzu. Ba ta halatta ɗaukar takardar wata mota a ɗora wa sabon casis ba.

Don haka mai niyyar haɗawa ya fara tara rasit da hotunan aikin tun daga ranar farko, har da takardar tsohuwar motar da ya kwashe wa kaya, domin za a nemi su a matsayin shaida cewa shi ya haɗa kuma ga inda sassan suka fito. Mai saye kuma ya karɓi V5C ya karanta sunan motar da ke ciki, ya gwada lambar casis da ke takardar da wadda aka buga a jikin ƙarfen. In takardar tana ɗauke da sunan tsohuwar motar da aka yanka, komai arahar kuɗin a bar wa mai ita kayansa.