Na'urar taswirar GPS a jirgin ruwa mai inji: yadda ake zaɓa da yadda ake ɗaurawa

Waɗannan tambayoyi ne da masu jiragen faiba, na alminiyam da na katako masu injin rataye suke yawan yi idan za su sa wa jirginsu na'urar da ke nuna taswira. Amsoshin sun fi karkata ga na'ura mai allo inci 7 zuwa 9 wadda ke haɗe da ma'aunin zurfi, domin ita ce ta fi dacewa da ƙaramin jirgi.

Me na'urar take yi ne takamaimai?

Tana karɓar sigina daga taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, ta lissafa inda jirgi yake, sannan ta ɗora shi a kan taswirar ruwa. Tana buƙatar taurari huɗu aƙalla kafin ta ba da cikakken matsayi, kuma a fili kuskurenta bai wuce 'yan mitoci ba. Sababbin na'urori suna haɗawa da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai, abin da ke sa su kama sigina da wuri. Ban da matsayi, tana nuna gudun jirgi, tana zana layin da ka bi, tana kuma ajiye alamar duk wurin da ka danna.

Sai an sa mata layin waya ko data?

A'a. Siginar GPS kyauta ce, karɓa kawai na'urar take yi. Abin da ake biya shi ne taswira, wadda ke zuwa a ƙaramin katin mimori, da kuɗin sabunta ta idan ana so.

Me ya kamata a fara dubawa kafin a biya kuɗi?

Taswirar ruwan da za ka yi aiki a kai. A nan yawancin masu saye suke yin asara: su zaɓi na'ura don kyan allonta, su ɗaura, su kunna, sai su ga jirginsu zaune a kan shuɗin fili babu lambar zurfi ko ɗaya. Na'ura da yawa da ake shigowa da su daga Amurka taswirar tafkuna da gaɓar Amurka ce a cikinsu, ba ta da amfani a wani wuri.

Manyan masu yin taswira biyu ne, Navionics, wanda Garmin ya saya a 2017, da C-MAP. Katunan ba sa shiga kowace na'ura. Garmin na da nasa nau'in katin, Lowrance da Simrad da Raymarine kuma suna karanta wani nau'in dabam, ko da sunan Navionics ne a jikin duka biyun. Kafin ka saya, ka buɗe taswirar yankinka a shafin kamfanin, ka matso da ita sosai, ka ga ko akwai lambobin zurfi da alamun duwatsu. Gaɓar teku da mashigar tashoshi irin Legas, Fatakwal ko Tema ta Ghana suna da bayanai. Ruwan cikin ƙasa irin tafkin Kainji ko kogin Binuwai kuwa, sau da yawa iyakar gaɓa kawai za ka tarar.

Idan haka ruwanka yake, ka nemi na'urar da ke zana taswirar zurfi da kanta yayin da kake tuƙi. Garmin na kiran wannan Quickdraw Contours, Lowrance na da Genesis Live, Humminbird na da AutoChart Live. Ana sa katin mimori irin wanda na'urar take buƙata, a bi ruwan a hankali layi-layi, na'urar tana ajiye zurfin kowane wuri. Ga mai aiki a kogi ko tafki, wannan ya fi kowane ƙarin inci na allo daraja. Amma a kula da hawa da saukar ruwa. Kainji, wanda aka kammala madatsarsa a 1968, yana sauka da mitoci da dama tsakanin cikarsa da ƙarshen rani, don haka zurfin da aka auna lokacin cika ba shi ne na lokacin janyewa ba. Na'urorin suna da wurin shigar da bambancin, kuma dole a riƙa gyara shi.

Wane girman allo, kuma na taɓawa ko mai maɓallai?

Inci 5 ya yi ƙanƙanta da zarar an raba allo biyu, taswira a gefe zurfi a gefe. Inci 7 ya wadatar ga yawancin ƙananan jirage, inci 9 ya fi daɗin karatu idan jirgi na gudu yana tsalle. A jirgi marar rufi, mai maɓallai ko mai haɗa duka biyun ya fi, saboda jiƙaƙƙen yatsa da feshin ruwa suna rikita allon taɓawa. A tabbatar akwai alamar IPX7, wato tana jure nitsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. In da hali a fita da ita rana a duba haskenta, sanye da tabaran da ake tuƙi da shi, don wasu tabarau na kashe ƙyalli suna duhunta allo.

A ina ake ɗaura ta?

Gaban matuƙi, inda ido zai kai ba tare da ya bar kallon ruwa ba, hannu kuma ya kai ba sai an zura shi ta cikin sitiyari ba. A nisanta ta da kamfas gwargwadon tazarar da littafinta ya faɗa. Gwajin mai sauƙi ne: a riƙe ta a wurin a kunne, in allurar kamfas ta motsa, wurin bai yi ba. Eriyar GPS a cikin na'urar take, tana gani ta cikin faiba da gilashi da tamfol, amma rufin ƙarfe yana tare ta. Mai irin wannan rufi sai ya sa eriyar waje a sama, kamar mita ɗaya nesa da eriyar rediyo.

Ɗauri iri biyu ne. Na kan mariƙi ya fi sauƙi, ana iya karkata allon, a kuma cire na'urar a tafi da ita gida da dare. Na nitsarwa cikin allon tuƙi ya fi tsafta amma sai an yanka rami. Kowanne za a yi, a fara leƙa bayan wurin, kada a huda waya ko tiyon mai, kuma a bar sararin da filogi zai shiga ba tare da wayar ta lanƙwashe da ƙarfi ba. A manna tef a kan faiba kafin a yi alama, a huda ƙaramin rami tukuna, a ɗan faɗaɗa bakinsa don kada fentin saman ya tsage lokacin ɗaurewa. A yi amfani da ƙusoshi masu zare na ƙarfen da ba ya tsatsa, lamba 316 in ruwan gishiri ne. Inda hannu zai kai baya, noti da wosha mai faɗi sun fi sukuru riƙo. Kowane rami a cika shi da gam ɗin jirgi irin Sikaflex 291 ko 3M 4200. Kada a sa 3M 5200 a nan, don in ya kama, cire na'urar sai da ɓarna.

Yaya ake ja mata wuta?

Mafi yawan abin da ake ɗora wa na'ura laifinsa daga waya yake fitowa. Na'urar bolt 12 take ci, kuma mai inci 7 tana jan am ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Jar waya ta tafi kan fositib ta hanyar fiyus da makunni, baƙa ta tafi negatib. Girman fiyus shi ne wanda littafin ya faɗa, galibi am 3 a ƙananan na'urori. Ba a ƙara shi, ba a kuma ɗaure shi da zaren waya in ya ƙone. Idan an ƙara tsawon waya har zuwa batir, a sa fiyus a kusa da kan batir ɗin, cikin santimita 18, kamar yadda ƙa'idar ABYC, ƙungiyar tsara ƙa'idojin jiragen ruwa ta Amurka, ta tanada, domin waya yake karewa daga kamawa da wuta.

Kaurin waya lissafi ne. Ƙa'ida ita ce kada wutar ta ragu da fiye da kashi 3 cikin ɗari a hanya, wato bolt 0.36. A ce daga batir zuwa na'ura mita 5 ne. Zuwa da dawowa mita 10 ke nan. Waya mai kaurin sikwaya milimita 1.5 za ta zubar da kusan bolt 0.18 a kan am ɗaya da rabi, lafiya lau. Mai 0.75 za ta zubar da 0.35, ta kai bakin iyaka tun kafin mahaɗai su fara tsatsa. A nemi wayar tagulla mai silili da yawa wadda aka yi wa farin rufin kuza. Wayar gida in ta sha danshi, ka feɗe ta bayan 'yan watanni za ka ga tagullar ta yi baƙi ko kore har can cikin roba. Mahaɗai a matse su da kan waya na matsewa, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba ya kai ko'ina a kan ruwa.

In na'urar tana mutuwa duk lokacin da aka tayar da inji, sitata ce ke janye wutar batir ƙasa da abin da na'urar ke iya jurewa. Ko dai batir ya gaji, ko kawunansa sun yi datti, ko kuma a ware wa na'urorin batir nasu.

Injina na jan igiya ne, babu batir. Zan iya ɗauka daga wayar fitilarsa?

Kada ka yi. Wutar da ke fitowa daga kwayil ɗin fitila ba daidaitacciya ba ce, tana hawa da sauka da gudun inji, kuma za ta ƙona na'urar. Ka sa ƙaramin batir a akwati mai murfi, ɗaure da bel. Na'urar da ke jan am ɗaya na awa takwas ta ci am-awa 8, kuma batir mai ruwa ba a son a sauke shi ƙasa da rabi, don haka mai am-awa 20 zai kai ka yini. A yi cajinsa a gida, ko da faifan sola mai kwantirola, ko daga inji ta hanyar rektifaya mai daidaita wuta.

Kan awon zurfi fa, me ya sa lambar take ɓacewa in jirgi ya ɗau gudu?

Kumfa ce. Wannan kan, wanda masu sayarwa ke kira tiransdusa, yana harba sauti ƙasa ya saurari dawowarsa, kuma sautin ba ya ratsa iska. Duk abin da ke tayar da kumfa a gabansa, kamar ƙusoshin jikin alminiyam, layukan da suka fito a cikin jirgi ko ramin shan ruwa, zai makantar da shi. Kafin a huda, mutum ɗaya ya tuƙa, wani ya leƙa baya ya ga inda ruwa ke fita sumul daga ƙarƙashin jirgi. Nan ne wurinsa.

A jirgi mai inji ɗaya ana sa shi a bangon baya ta hannun dama, gefen da fukafukan farfela ke gangarowa ƙasa, da tazarar santimita 30 zuwa 40 daga farfelar. A juya inji dama da hagu har ƙarshe, a ɗaga shi sama, a tabbatar bai taɓa ba. Fuskar kan ta sauko ƙasa da cikin jirgi da milimita kaɗan, ta kwanta daidai da saman ruwa. In ya yi sama zai sha iska, in ya yi ƙasa da yawa zai riƙa watsa ruwa a kan inji. Dabara mai kyau ita ce a fara ɗaura ɗan allon roba mai kauri a bangon, sannan a ɗaura kan a jikinsa, ta yadda za a yi ta matsar da shi ba tare da ƙara ramuka a jirgi ba. A jirgin katako ramin da ba a cika da gam ba shi ne mafarin ruɓewa.

Wayarsa ba a yanke ta. In filogin ya ƙi shiga rami, a faɗaɗa ramin, kuma ramin ya kasance sama da layin ruwa. A raba ta da wayoyin inji, in ba haka ba za a ga ɗige-ɗige a allo masu ƙaruwa da ƙarar inji. Akwai nau'in da ake mannawa daga cikin jirgi, amma a faiba zalla ya fi aiki, ba ya ratsa katako.

Dole ne a haɗa ta da rediyo ko inji?

Ba dole ba ne, amma mai fita teku ya kamata ya haɗa ta da rediyon VHF mai DSC, wato tsarin aika kiran agaji ta maɓalli, don jan maɓallin neman agaji ya aika matsayin jirgi tare da lambarsa ta MMSI mai lamba tara. Hanyar zamani ita ce NMEA 2000: babbar waya guda, kowace na'ura ta ratayu da mahaɗi mai siffar T, reshe kada ya wuce mita 6, sannan murfi mai om 120 a kowane ƙarshe. In an kashe wuta aka auna tsakanin wayoyin bayanai biyu, mitar awon ta nuna om 60. In ta nuna 120, murfi ɗaya ya ɓace.

Wane saiti ake yi ranar farko?

A kunna ta a fili a ba ta mintuna ta kama taurari. A sa zurfi a mita, lokaci a UTC+1 ga Najeriya da Nijar, ma'aunin taswira kuma a bar shi a WGS84. Tsofaffin taswirorin Najeriya a kan ma'aunin Minna aka yi su, kuma lambar da aka kwafo daga can ba tare da juyawa ba za ta kauce da fiye da mita 50. A daidaita tsarin rubuta lambobi da na abokan aiki, domin digiri da minti dabam ne da digiri mai ɗigo, kuma minti ɗaya na latitud mita 1,852 ne. A shigar da tazarar da ke tsakanin kan awo da ƙasan farfela, a kunna ƙararrawar ƙarancin zurfi, a kunna ajiye layin tafiya. A nuna wa kowa a jirgi maɓallin MOB, wanda ke ajiye wurin da mutum ya faɗa ruwa. In jirgi na tsaye hotonsa yana juyawa a allo, ba lalacewa ba ce, GPS sai da motsi take gane inda aka dosa.

To yanzu ana iya gudu da dare ko cikin hazo a bi layin allo?

A'a. In ka ce ta kai ka wuri, galibi miƙaƙƙen layi za ta ja, ko da tsibiri a tsakani. Ba ta ganin kwale-kwale marar fitila, ko taru, ko kututturen da ruwa ya rufe, kuma ma'aunin zurfi abin da ke ƙarƙashin bayan jirgi yake faɗa, wurin da ka riga ka wuce. Jirgi mai gudun kilomita 37 a awa yana cin mita 10 kowace daƙiƙa, ƙararrawa ba za ta riga tudun yashi ba. A kogi yashi yana ƙaura bayan kowace ambaliya, layin bara ba lallai ya yi bana ba. A sake bin hanyar da rana a hankali a farkon kowane lokaci, a ajiye sabon layi da kwanan wata a sunansa, a goge tsohon. Da dare ko cikin hazo a rage gudu, a sa mai dubawa a gaba da fitila, kowa da rigar ruwa a jikinsa, kamfas kuma yana nan kusa ko da fiyus ya ƙone.