Na'urar yankan takarda ta lantarki

Na'urar yankan takarda ta lantarki ƙaramin inji ne da ake ɗorawa a kan tebur, wanda ke yanka takarda, kati ko ledar sitika bisa zanen da aka tura masa daga kwamfuta ko waya. Yawancinsu ba su fi firintar ofis girma ba. Masu haɗa katin gayyata da kayan adon biki ne suka fi amfani da ita. A Legas tana da amfani ga masu ƙananan sana'o'i a unguwannin da Hausawa ke da yawa, kamar Agege, Idi-Araba da Obalende: katin ɗaurin aure da na suna, ambulan barka da sallah, sunan amarya da ake kafawa a kan kek, da sitikar kwalaben humra da turaren wuta.

Asali

Yanka da ƙirar ƙarfe ya samo asali ne daga masana'antun takalma a tsakiyar ƙarni na 19, inda ake danna ƙarfe mai kaifi a kan fata don fitar da siffa iri ɗaya sau da yawa. Kamfanin Ellison na Amurka, wanda aka kafa a 1977, ya ƙanƙantar da dabarar don malaman makaranta, daga baya ya fitar da samfurin Sizzix don aikin gida. Irin waɗannan da hannu ake murza su, kuma kowace siffa sai an sayi ƙarfenta. Akwai masu mota a ciki, kamar Gemini, amma su ma ƙarfen suke dannawa. Wadda ake magana a kanta a nan ba ta buƙatar ƙarfe ko ɗaya, domin reza ce ke bin layin zane. Ta shiga gidaje sosai bayan da kamfanin Provo Craft na jihar Utah ya fitar da Cricut ta farko a 2006.

Yadda take aiki

Ana manna takardar a kan tabarmar roba mai danƙo, galibi inci 12 tsawo da faɗi, wato kusan santimita 30. Ƙananan tayoyi na jan tabarmar gaba da baya, kan da ke riƙe da rezar kuma yana tafiya dama da hagu. Rezar tana juyawa a cikin gidanta, ta fuskanci duk inda aka ja ta. Abu uku ake saitawa: zurfin reza, ƙarfin dannawa da sauri. Idan aka sa alƙalami a gurbin rezar, sai na'urar ta yi rubutu ko zane. Ga sitika, firinta ce ke fara buga hoton tare da baƙaƙen alamomi a gefe, sannan idon na'urar ya karanta alamomin ya yanka daidai bakin hoton.

Manyan samfura

Uku ne suka fi shahara. Cricut tana da Explore ta 2014, Maker ta 2017 mai ƙarfin dannawa kilo 4 wadda ke yanka har da yadi da fata mara kauri, da ƙaramar Joy ta 2020. Silhouette, wadda ke da alaƙa da kamfanin Graphtec na Japan, tana da Cameo mai faɗin inci 12 da ƙaramarta Portrait. Brother ta fitar da ScanNCut a 2013, kuma abin da ya bambanta ta shi ne sikanar da ke jikinta: mutum zai zana fure da hannunsa, ta ɗauki hoton, ta yanka, ba tare da kwamfuta ba.

Zaɓe a Legas

Mai aikin takarda zalla ba ya buƙatar na'ura mafi ƙarfi. Kati mai nauyin giram 200 zuwa 250 a murabba'in mita ɗaya, kowace daga cikinsu tana yanka shi. Abin da ya fi cancanci dogon tunani shi ne manhaja. Design Space ta Cricut tana neman intanet wajen buɗe asusu da ɗora sabon zane, ko da yake ana iya ajiye wasu ayyuka a yi su ba intanet. A watan Maris na 2021 kamfanin ya sanar cewa wanda ba ya biyan kuɗin wata-wata ba zai ɗora zane fiye da 20 a wata ba, sai dai ya janye bayan masu amfani da ita sun yi ca a kansa. Silhouette Studio kuwa tana aiki ba intanet, amma buɗe fayil ɗin zane irin na SVG sai an sayi babbar sigarta. Ga wanda ke lissafin kuɗin data, ko shagonsa ke inda sabis ke yankewa, wannan bambancin ya fi ƙarfin reza muhimmanci.

Sai batun kayan da ke ƙarewa. Takarda na dakushe reza da sauri, tabarma kuma danƙonta na mutuwa, kuma duka biyun daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Kafin a biya kuɗin na'ura ya kamata a tabbatar ana samun rezarta da tabarmarta a kusa. Wadda aka sayo ta hannu da araha amma aka daina yin kayan gyaranta, ko manhajarta ta daina aiki, asara ce. A gwada ta a gaban mai sayarwa da takardar da za a riƙa aiki da ita.

Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, don haka a karanta abin da aka rubuta a jikin cajar kafin a jona na'urar da aka kawo daga can. Ba ta cin wuta da yawa, ƙaramar inbata na ɗaukarta, kuma hakan na da daraja: idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar yanka, yawanci wannan takardar ta tafi ke nan. Haka kuma takardar kasuwar Legas A4 ce, alhali wasu manhajojin suna zuwa a saite da girman takardar Amurka, sai an gyara.

Laimar Legas matsala ce ta gaske, musamman da damina. Takardar da ta sha danshi laushi take yi, reza ta riƙa yagar ta maimakon yanka, ƙananan ganyen fure su tsattsage. Maganinsa a ajiye kati cikin leda a rufe, nesa da ƙasa da bango, a fito da iya na aikin ranar. Da hunturu kuma ƙura ce ke kashe danƙon tabarma, shi ya sa ake mayar mata da ledar da ta zo da ita bayan kowane aiki.

Rubutun Hausa da na Larabci

Ba kowane salon rubutu ke da ƙ, ɗ da ɓ ba, sai a duba kafin a yanka sunan wani. Larabci da Ajami sun fi wuya, domin wasu manhajojin kan rarraba haruffan ko su juya su daga hagu. Masu aikin kan tsara rubutun a manhajar zane kamar CorelDRAW ko Inkscape, su mayar da shi zane, sannan su tura. Ɗigon haruffa da wasula kowanne guntu ne mai zaman kansa da zarar an yanke shi, don haka ko a haɗa su da jikin kalmar da siririn layi, ko a ɗauke su gaba ɗaya da tef na musamman don kada su goce. Wanda ke yanka aya ko sunan Allah don walimar sauka ya ware mazubi ga guntayen da suka lalace, kada su bi shara.

Iyakarta

Takarda ɗaya take yanka a lokaci guda, kuma zane mai ƙananan ramuka kan ɗauki mintoci, ban da lokacin tsince guntaye. Ta dace da aiki kaɗan mai sunaye daban-daban, ko samfurin da za a nuna wa mai biki. Idan katin ya kai dubbai, ko kwalin kaya ne mai kauri, maɗaba'un Shomolu da Mushin masu manyan injinan ƙirar ƙarfe sun fi sauri, kuma kowane kati ya fi sauƙin kuɗi a wurinsu.