Farautar Ajiya Mai Kacici-kacici a Garuruwan Bakin Teku

Farautar ajiya, wadda ake kira jiyokashin, wasa ne na fita waje inda wani yake ɓoye ɗan akwati, ya wallafa lambobin da ke nuna wurin a taswira a intanet, wasu kuma su bi sawunsa da na'urar GPS (mai nuna wuri ta hanyar tauraron ɗan'adam) ko wayar hannu har su gano shi. A cikin akwatin akwai takardar da wanda ya samo shi zai rubuta sunansa da kwanan wata, sannan ya mayar da komai yadda ya tarar. A nau'in da ake haɗawa da kacici-kacici ba a bayar da lambobin gaskiya kai tsaye, sai mai nema ya warware tambayoyi tukuna, kuma a tsofaffin garuruwan bakin teku amsoshin suna rubuce ne a jikin gine-ginen garin.

Wasan ya samo asali a Amurka. A farkon watan Mayu na shekarar 2000 gwamnatin Bill Clinton ta daina rage ingancin siginar GPS da farar hula ke samu, matakin da ya sauko da kuskuren na'urori daga kusan mita 100 zuwa 'yan mitoci. Ranar 3 ga Mayu wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a kusa da Beavercreek da ke jihar Oregon domin ya gwada wannan sabon inganci, kuma cikin 'yan kwanaki aka gano shi. A watan Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da ajiyoyi 75, yanzu kuwa sun haura miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190. Tun kafin zuwan tauraron ɗan'adam akwai makamancinsa a Ingila, domin a 1854 James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool cikin dajin Dartmoor don matafiya su riƙa barin katinsu.

Yadda ake shirya irin wannan farauta shi ne abin da ya bambanta ta da sauran. Mai shiryawa yakan zaɓi wurare kaɗan masu tarihi, kamar tsohuwar tashar jiragen ruwa, hasumiyar fitilar da ke yi wa matuƙa jagora, ofishin kwastan ko allon tunawa da masuntan da suka nitse. A kowane wuri akwai adadin da za a ɗauko: shekarar da aka sassaƙa a kan ƙofa, yawan tagogi, ko yawan haruffan wani suna. A garin Whitby na Ingila, alal misali, matakala 199 ne ke kai mutum saman dutsen da cocin garin da kangon tsohon gidan ibada suke, kuma adadi irin wannan shi ne abin da masu shirya tambaya suke so. Idan an tara alƙaluman sai a zuba su cikin lissafin da aka bayar, su fitar da lambobin inda akwatin yake. Ƙa'idar shafin ita ce lambobin da aka fara wallafawa kada su yi nisan fiye da kilomita 3.2 daga ainihin wurin, kada a binne akwati a ƙasa, kuma a bar tazarar mita 161 tsakanin ajiya da ajiya. Ana kuma auna wahalar tambaya da wahalar hanya daga 1 zuwa 5.

Akwatin kansa ba ya ɗauke da wani abin kirki, galibi 'yan kayan wasa ne da ake musaya. Darajar abin tana wurin tilasta wa mutum ya tsaya ya karanta allon da dubban mutane ke wucewa ba su ɗaga kai ba. Tambaya mai kyau ita ce wadda ba a iya amsa ta daga gida, sai an taka an je.

Teku yana kawo nasa sharuɗɗan. Ruwa yakan cika ya janye kusan sau biyu a kowace rana, don haka wasu wuraren ba a isa gare su sai an duba jadawalin janyewarsa, wanda ya yi sakaci kuma ruwa na iya tare masa hanyar dawowa. Iskar gishiri tana cin ƙarfe, shi ya sa ake fifita robar da ke rufuwa gam.

A Najeriya, Badagry ta jihar Legas tana da duk abin da irin wannan farauta ke bukata: benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, kasuwar bayi ta Vlekete, da tsibirin Gberefu inda aka riƙa loda bayi a jiragen ruwa. Sai dai wuraren da aka sayar da 'yan'adam ba dandalin nishaɗi ba ne, kuma wajibi ne tambayoyin da suka shafe su su kai mai nema ga sanin abin da ya faru, cikin girmamawa.

Kaduna ba ta da teku, amma tsarin bai dogara da teku ba. Garin yana kusan digiri 10 da minti 31 arewa, digiri 7 da minti 26 gabas, kuma daga Zauren Lugard zuwa Gidan Arewa, zuwa gidan tarihi na titin Ali Akilu, zuwa gadar ƙafa ta Lugard da aka ɗauko daga Zungeru aka kafa a Gamji, akwai shekaru da sunaye da za su ishi malamin tarihi ya shirya wa ɗalibansa. Babban abin lura shi ne tsaro. A 2011 sojoji sun tarwatsa wani akwatin wasa a garin Wetherby na Ingila bisa zaton bam ne, kuma a garin da ke da barikoki da yawa kamar Kaduna irin wannan zato ya fi kusa. Saboda haka a nemi izinin mai wuri da na mai unguwa, a sanar da 'yan sandan yankin, a yi amfani da roba mai nuna abin da ke ciki da bayani a jikinta, a kuma nisanci masallatai, coci-coci, kasuwanni da shingayen bincike.