Waiwaye: wai daga ina alƙaluman lafiyar nan suke fitowa ne?

Duk wanda ya taɓa zama zai rubuta furojet ko ripot a kan harkar lafiya a Gombe ko Bauchi ya san wannan ciwon kan. Ka nemi adadin matan da ke rasuwa a dalilin ciki da haihuwa a Najeriya, binciken NDHS na 2018, wato binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa, ya ce maka 512 cikin kowace haihuwa 100,000, ka leƙa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ka tarar da 1,047, ninki biyu fa kenan, kuma duka biyun manya ne suka fitar. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Na farkon gida gida aka bi ana tambayar mata labarin 'yan uwansu mata da suka rasu, na biyun kuma lissafi ne aka yi a kwamfuta aka haɗa bincike daban daban aka cike gurbin abin da ake ganin ya kuɓuce. Duk wannan kewaye kewayen don ba ma rubuta mutuwa ne, kuma abin ya samo asali tun da nisa.

Zamanin Turawa yawan jama'a daga takardun haraji ake ciro shi, dagaci ya ba hakimi, hakimi ya kai En'e. To wa zai yarda a ƙirga shi alhali ya san kuɗi za a karɓa? Sai ɓoyo. Bayan samun 'yanci kuma abin ya juye, tunda da yawan mutane ake raba kujeru da kuɗin tarayya sai kowa ya koma ƙari. Ƙidayar 1962 aka soke ta, aka sake a 1963 aka ce miliyan 55.6, ta 1973 ita ma aka yi watsi da ita, sai 1991, sai 2006 da aka ce mun kai miliyan 140, Bauchi wajen miliyan 4.65, Gombe miliyan 2.36. Ta 2023 da aka yi ta shiri aka ɗage. Ga wani abu kuma da ɗalibai ke yawan tuntuɓe da shi, jihar Gombe sai 1 ga Oktoba 1996 aka cire ta daga Bauchi, ita Bauchin ma sai 1976 aka yanko ta daga jihar Arewa maso Gabas, saboda haka in kana neman alƙaluman Gombe na shekarun 1980 a ƙarƙashin Bauchi za ka nema.

Wani zai ce ina ruwan ƙidaya da asibiti. Ai ita ce gindin komai. In aka ce an yi wa kashi 80 cikin ɗari na yaran wata gunduma rigakafi, kashi 80 na yara nawa? Yadda ake yi shi ne a ɗauko adadin 2006 a riƙa ɗora masa ƙari duk shekara, sannan a ce kashi 4 cikin ɗari jarirai ne 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 5 masu juna biyu, kashi 20 'yan ƙasa da shekara biyar. Shi ne taget ɗin da ake liƙa wa kowane asibiti a bango. Amma garin Gombe na yau ai ba na 2006 ba ne, unguwanni nawa aka yi tun daga lokacin, ga 'yan uwanmu da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe da Adamawa suka zauna, ga Fulani masu tashi da sauka. Lissafin bai san da su ba. Shi ya sa za ka ga wani asibiti ya yi kashi 130 cikin ɗari, wani kuma ya yi ta fama bai kai 50 ba, alhali ba lallai na farkon ya fi aiki ba.

Tsarin tattara bayanai daga ƙananan asibitoci ya kankama ne bayan taron duniya a kan lafiya matakin farko da aka yi a Alma Ata a 1978, musamman lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992. A zamaninsa aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, aka kafa hukumar lafiya matakin farko NPHCDA a 1992, daga baya aka shigo da fom fom na NHMIS, tsarin tattara bayanan lafiya na ƙasa. A 2013 aka amince kowa ya koma kan DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta samar. A takarda abin gwanin sha'awa.

Amma ka shiga ƙaramin asibitin ƙauye ranar awo ka gani. Ma'aikaciya ɗaya ce, mata sun cika benci har ƙasa, ita ce gwajin hawan jini, ita ce auna ciki, ita ce ba da magani, a gabanta kuma ga rijistoci manya manya, ta awo daban, ta haihuwa daban, ta rigakafi, ta tazarar haihuwa, ta masu zuwa ganin likita su koma gida, kowacce da layuka kamar ba za su ƙare ba. Wani lokaci a guntun takarda take rubutawa ta ce sai an watse ta kwafe. Ƙarshen wata incaj ya zauna da biro da kalkuletar waya ya ƙirga ya cike fom ɗin wata, a hau mashin a kai sakatariya, jami'in M&E na ƙaramar hukuma, wato mai sa ido da tattara bayanai, ya shigar a kwamfuta in akwai wuta da netwok. A kowane mataki abu na iya zubewa. Kuma ko an yi komai daidai, wanda ya zo asibiti kawai aka rubuta. Matar da ta haihu a ɗaki hannun ungozoma, da yaron da aka saya wa maganin zazzaɓi a kemis, da wanda aka kai wajen mai maganin gargajiya, duk babu su a ciki, yawancin asibitocin kuɗi ma ba sa turo nasu yadda ya kamata.

Asirin ya tonu ne sosai a 2017. Rahoton asibitoci yana nuna kusan kowane yaro ya samu allurar Penta ta uku, wato zagaye na uku na rigakafin jarirai mai kare cututtuka biyar, sai binciken MICS na 2016 zuwa 2017, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNICEF, ya bi gidaje yana duba katin rigakafi yana tambayar iyaye mata, ya dawo da kashi 33 cikin ɗari a faɗin ƙasa. Wallahi abin ya girgiza mutane. A shekarar NPHCDA ta ayyana dokar ta ɓaci a kan rigakafin yau da kullum. Ni a ganina laifin bai tsaya kan ma'aikatan ƙasa ba, in sufabaiza zai zo ya yi maka faɗa don lambarka ta yi ƙasa, ba zai tambaye ka me ya hana mata zuwa ba, ai ka san lambar da za ka ba shi wata mai zuwa.

Shi ya sa masu bincike suka fi jingina da irin binciken gida gida. NDHS an yi shi a 1990, 1999, 2003, 2008, 2013, 2018, sai na 2023 zuwa 2024, tun daga na 1999 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, ripot ɗin kuma kyauta ne a intanet. Daga na 2008 ne aka fara samun alƙaluman jiha jiha sosai. Sai dai a jiha ya tsaya, ba zai faɗa maka bambancin Dukku da Kaltungo ba, ko Ningi da Katagum, kuma sai ka jira shekara biyar. Ƙanjamau ma haka aka sha, shekara da shekaru da gwajin mata masu zuwa awo a wasu zaɓaɓɓun asibitoci ake ƙiyasi, ana cewa masu ɗauke da cutar sun kai miliyan 3, sai binciken NAIIS na 2018 ya bi gidaje ya gwada jini ya samu kashi 1.4 cikin ɗari, kimanin mutum miliyan 1.9.

Nan gida ma an yi aiki, mutane ne ba su cika sani ba. A Gombe shirin IDEAS na makarantar nazarin lafiya ta Landan ya yi shekaru yana aiki da hukumar lafiya matakin farko ta jiha, suna gwama abin da ke cikin rijista da abin da ya isa DHIS2, kuma sun wallafa sakamakon. A Bauchi an yi NEHSI, shirin amfani da bayanan bincike wajen tsara aikin lafiya, da tallafin Kanada, sannan aka yi aikin ziyarar masu juna biyu gida gida a Toro. Ka rubuta sunan jihar da abin da kake nema a PubMed ko AJOL, rumbunan takardun bincike na intanet, za ka sha mamaki, har da rubuce rubucen likitocin asibitin koyarwa na ATBU da na tarayya da ke Gombe. Abin takaicin kawai, furojet ɗin ɗalibanmu na jami'a da makarantun koyon aikin lafiya yawanci a kan kanta suke ƙarewa suna shan ƙura.

Ɓangaren kuɗi kuwa nan ne ake yawan yaudarar mai karatu. An yi alƙawarin Abuja a 2001 cewa za a ware wa lafiya kashi 15 na kasafi, dokar lafiya ta 2014 ta kawo asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, na aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya, wanda sai a kasafin 2018 ya fara bayyana, ga dokar inshora ta 2022, ga hukumomin inshorar lafiya na jiha, GoHealth a Gombe da BASHCMA a Bauchi. Amma abin da aka karanta a majalisa daban, abin da aka saki daban. In ka ga an buga cewa jiha ta ware kaza, nemi rahoton aiwatar da kasafi na wata uku uku ka ga nawa ya fita. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana nan, ko da yake ka kai takarda ofis a ce maka oga ba ya nan ba sabon abu ba ne.

Mutuwa dai har yanzu ita ce babban giɓin. Mutum ya rasu da asuba, kafin azahar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, ba wanda zai tuna da ofishin hukumar ƙidaya sai in maganar gado ko fansho ta taso. Da aka yi ta mace mace a Kano a watan Afrilun 2020, sai da aka koma tambayar masu haƙar kabari da iyalan mamata kafin a iya cewa wani abu. Zazzaɓin Lassa ne ma ake samun rahotonsa duk mako daga hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa NCDC, inda Bauchi ke yawan fitowa a sahun gaba tare da Ondo da Edo, shi ma waɗanda aka gwada ne kawai.

Yanzu kuma ga sabuwa. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta tsayar da ayyukan hukumarta ta ba da tallafi USAID, wadda ita ce ta daɗe tana ɗaukar nauyin shirin DHS na irin binciken gida gida ɗin nan a duniya, har da namu NDHS. Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda aka naɗa ministan lafiya a 2023, ɗan Misau ne, ya riƙe NPHCDA daga 2008 zuwa 2011, ya san rijistar nan ciki da waje. Tambayar da ke gaban ma'aikatar lafiya ta tarayya da gwamnoni ita ce wa zai biya kuɗin bincike na gaba, kuma da wace ƙidayar za a zaɓi gidajen da za a shiga.