Shin Bakwaini Ya Fi Ɗan Wata Takwas Damar Rayuwa?

An daɗe ana cewa jaririn da aka haifa a wata bakwai ya fi na wata takwas damar rayuwa, maganar da ke tayar da hankalin masu jegon tagwaye, tunda fiye da rabin tagwaye kan zo kafin ciki ya cika mako 37. Masu faɗin haka gadon maganar suka yi, amma ba haka abin yake ba.

Kowane mako da jariri ya ƙara a mahaifa, ƙwari yake ƙarawa. Huhunsa na samar da wani sinadari da ke hana ƙananan jakunkunan iska mannewa idan ya fitar da numfashi, kitse na taruwa ƙarƙashin fatarsa don riƙe ɗumi, sannan haɗa tsotso da haɗiya da numfashi yakan daidaita ne wajen mako 34. Shi ya sa ɗan mako 30 (wajen wata bakwai) kan buƙaci bututun ciyarwa, na mako 35 (wajen wata takwas) kuwa sau da yawa yakan kama nono da kansa.

Mai son tabbatarwa ta tambayi ma'aikatan asibiti makonnin cikinta bisa hoton ciki (sikanin) na farko da aka ɗauka, domin lissafin wata yakan ruɗe. Don Allah a yaɗa wannan bayani ga sauran iyaye mata.